Daga Ai-si-yu zuwa Ƙauye: Yadda Ake Kwantar wa Majinyaci Hankali ta Waya

Ranar da aka dawo da mutum gida daga ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ai-si-yu, ba a rasa jama'a. A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida kuma ke hango gida, kafin la'asar zaure ya cika. Mai kunu ya kawo, mai lemo ya kawo, mai ɗari biyar ya cusa a ƙarƙashin tabarma. Sai dai dubiya tana da wa'adi. Bayan mako biyu ko uku ƙafa takan ɗauke, musamman in damina ta kankama. An ga mutum ya tashi zaune yana cin tuwo, kowa ya ce Allah Ya sa kaffara ne, ya koma gonarsa.

A daidai wannan lokaci ne wani ciwon ke fitowa fili. Mutumin da aka sani da raha ya koma shiru-shiru. Barci ya ƙaurace masa, in ma ya samu sai ya farka a firgice yana zufa. Ƙarar janareta ko warin maganin wanke ciwo ya sa gabansa faɗuwa. Yana cikin salla ya rasa raka'a nawa ya yi, lissafin awo da yake yi da ka ya gagare shi. Yaro ya yi ɗan kuskure ya hau shi da faɗa, bayan nan kuma ya shige ɗaki yana hawaye.

Likitoci sun san wannan hali. A 2010 ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta tara masana, suka tattara alamomin a ƙarƙashin suna guda, wato larurar bayan kulawa ta musamman. Rassanta uku ne: raunin jiki, raunin tunani da mantuwa, sai damuwa da fargaba. Binciken da aka tattara daga Turai da Amurka ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka fito da rai yana fama da alamun ciwon damuwa, kusan 1 cikin 3 da fargaba, kusan 1 cikin 5 kuma da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Wani bincike na Jami'ar Vanderbilt da aka buga a 2013 ya gano cewa shekara guda bayan sallama, kusan 1 cikin 3 na majinyatan tunaninsu na nan da rauni daidai da na wanda ya bugu a ka. A wajenmu masu shiga wannan ɗaki sanannu ne: mace mai jijjiga ko zubar jini wajen haihuwa, wanda mota ko babur ya kaɗe a titin Daura ko na Katsina, mai sarƙe-haƙora, wanda ya sha babbar tiyata, da masu ƙuna irin waɗanda gobarar tankar mai ta Majiya ta rutsa da su a Oktoban 2024.

A Amurka, Dakta Christopher Cox na Jami'ar Duke ya gwada wata manhajar waya mai suna Lift a kan mutum sama da 200 da suka fito daga irin wannan ɗaki. Wata guda manhajar ke yi tana koya wa mutum natsuwa da sarrafa numfashi, tana kuma tambayarsa halin da yake ciki mako-mako. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna masu yin atisayen sau biyu a rana sun fi masu yi sau ɗaya samun sauƙi. To, Lift da Turanci take, tana buƙatar babbar waya da data da wanda ya iya karatun boko. Manomin Kunchi da ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin asibiti ba zai amfana da ita ba. Amma abin da ke cikinta ana iya ɗauko shi: lokaci tsayayye, tambaya mai maimaituwa, atisaye ɗan kaɗan kullum, da sanin ranar da za a ce a koma asibiti. Duk wannan ƙaramar waya ma ta isa, in an samu mutumin kirki a ɗaya ɓangaren. Ba kuma dole sai likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin zama biyar na taimakon masu damuwa da aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, kuma waɗanda suka gudanar da shi ba likitoci ba ne. A Zimbabuwe, tsofaffin mata Dakta Dixon Chibanda ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane.

Tun kafin a baro asibiti

Aikin yana farawa ne majinyaci na kan gado. Mai jinya ya nemi ɗan littafin makaranta, kowace yamma ya rubuta layi uku ko huɗu, da boko ko da ajami: yau ran kaza, an yi masa kaza, wane ya zo, ya buɗe ido da azahar. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a waya. Ma'aikatan jinya a Denmark ne suka fara wannan tun shekarun 1980. Wani binciken Turai na 2010 ya nuna yana rage firgici, wani na Faransa na 2019 kuma bai ga bambanci ba. Ni dai ina ba da shawarar a yi, don ba ya cin kuɗi, kuma ranar da majinyaci zai tambaya, "Wai kwana nawa na yi ban san inda kaina yake ba?" akwai amsa a rubuce.

Ranar sallama a tambayi likita sunan ciwon, ko an sa majinyaci a injin numfashi da kwana nawa, ko ya yi sambatu, wane magani zai ci gaba da sha, wanne za a daina, da ranar dawowa. A ɗauki hoton takardar sallama da katin asibiti, don takarda a ƙauye tsakanin gara da yara ba ta daɗewa. Hoton majinyacin kansa kuwa, da roba a hanci da baki, a yi hattara da shi. Na san ana yaɗa irinsa don neman taimako, kuma wani lokaci babu makawa. Amma a tuna mai hoton zai tashi, zai kuma iya cin karo da shi a wayar wani a majalisa.

Wa zai riƙa kira?

Mutum ɗaya ake so, sananne, ba kowa da kowa ba. Kada ya zama suruki, don kunya za ta rufe bakin majinyaci. Kada ya zama ɗan fari, ko wanda ke bin gidan bashi. Kada kuma a ɗora wa wadda ta yi jinyar, ita ma a gajiye take. An fi dacewa da aboki na ƙuruciya, ko ƙane mai hankali da ke zaune a birni ko wajen ci-rani, ko malamin asibitin sha-ka-tafi na garin in ya yarda. Nisan ma yana da amfaninsa: mutum yakan faɗa wa wanda ba ya ganin fuskarsa abin da ba zai faɗa wa na kusa ba.

Mace kuwa mace ake nema mata, yayarta ko gwaggo ko aminiya. A nan akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, tana aljihunsa daga safe har dare. Don haka da shi za a fara magana, a fahimtar da shi cewa wannan kira cikin magani yake, a tsayar da lokacin da wayar za ta kasance a hannunta, ita kaɗai a ɗaki, ba a sifika ba, ba kuma kishiya na zaune a bakin ƙofa ba.

Wayar kanta ba ta da wuya. 'Yar rakani-kashi ta fi babbar waya riƙe caji, kuma tana kama sabis inda waccan ke kasawa. Mai kira shi ke ɗaukar nauyin kati. A yi yarjejeniya: filashin biyu a jere na nufin "kira ni yanzu". A san ranar da ake kai wayar shagon caji don kada ta ci karo da ranar kira. Lokaci kuwa a ɗaure shi da salla, don shi ne agogon da ba ya ɓata: bayan la'asar, ko bayan isha'i. A watan farko sau biyu a mako, daga nan sau ɗaya har wata uku, sannan a riƙa tsawaitawa. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Abin da ya fi tsawon hirar muhimmanci shi ne cika alkawari. In ka ce Talata, ya zama Talata.

Yadda ake tambaya

Duk Bahaushen da ka ce wa "Ya jiki?" zai ce "Da sauƙi," ko da numfashinsa na ƙarshe yake ja. Wannan ladabi ne, kuma ba a tsallake shi. A gaisa sosai, a tambayi iyali da ruwa da dabbobi. Bayan nan sai a shiga ƙananan tambayoyi waɗanda "Alhamdu lillahi" ba ta amsa su:

"Yaya, jiya da dare wajen yaushe barci ya ɗauke ka?"

"Kiran assalatu a farke ya same ka, ko tashin ka aka yi?"

"Abincin rana ka cinye, ko ka rage?"

"Yau ka leƙa ƙofar gida? Wa ka tarar?"

Sau ɗaya a mako biyu a yi tambayoyi biyun da likitoci ke tantance damuwa da su. Ta farko: a makonni biyun nan, sau nawa ka ji ba ka sha'awar abin da ka saba jin daɗinsa? Ta biyu: sau nawa ka ji ranka a ɓace, ko ka ji ka fid da rai? Amsa huɗu ce: ko kaɗan, a rubuta 0, wasu ranaku, 1, fiye da rabin kwanakin, 2, kusan kullum, 3. A haɗa makin tambayoyin biyu. In ya kai 3 ko ya wuce, lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Mai kira ya riƙa rubuta wannan da kwanan wata a littafinsa, tare da yadda barci da cin abinci suke. Da wannan littafi za a je asibiti, kuma likitan da ke da dogon layi a ƙofa zai fahimci lamarin cikin minti biyu.

Akwai maganganun da muke yi da kyakkyawar niyya amma suna toshe baki. "Ka gode wa Allah, wasu gawarsu aka fito da ita." Ya sani, ya ma fi ka sani, wataƙila a gabansa aka lulluɓe na gadon kusa da shi. "Rashin tawakkali ne." "Haba, kamar ba namiji ba." Wanda aka faɗa wa haka sau ɗaya ba zai sake buɗe cikinsa ba. In ya yi shiru a waya, a bar shi. In ya yi kuka, a ce "Ina jin ka, Yaya, ina nan," a jira. Katin da ya tafi a shirun bai tafi a banza ba.

Abin da ya gani a can

Wannan shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Yawancin waɗanda suka kwana a injin numfashi sukan shiga ruɗewa. Zazzaɓi da ƙwayar cuta a jini, allurar barci mai ƙarfi, fitilar da ba a kashewa dare da rana, ƙarar na'urori, ga roba a maƙogwaro ta hana magana, wani lokaci ga hannu a ɗaure a jikin gado don kada ya fizge robar. Ƙwaƙwalwa a wannan hali takan ƙirƙiro labarinta. Majinyaci ya ga ana shirin yanka shi, ko an sa shi a kabari da rai, ko mamatan gidansu na kiran sa, ko ma'aikaciyar jinya ta rikiɗe ta zama wata halitta. Abin da ya faru da gaske ya manta shi, amma wannan yana nan daram a ransa tamkar jiya.

In ya kawo wannan zance, kada a yi dariya, kada a yi masa gardama, kada kuma a tabbatar masa. A ce, misali: "Inna, na yarda abin da kika gani ya tsorata ki. Da yawan waɗanda suka kwanta a ɗakin nan suna ganin irinsa, saboda zafin ciwo da allurar da ake yi musu. Hannunki da aka ɗaure, don kada ki cire robar da kike numfashi da ita ne." Jin cewa wasu ma sun gani, kuma abin yana da dalili, yakan sauke wa mutum nauyi mai yawa, domin da yawansu a ɓoye suna zaton haukacewa suka fara. Daga nan, in ta nema, sai a karanta mata littafin jinya kaɗan-kaɗan, shafi ɗaya ko biyu a kira guda. In ba ta nema ba a ƙyale ta. Ba a tilasta wa mutum ya ba da labarin da bai shirya bayarwa ba.

Babban haɗarin shi ne majinyaci ya ambaci sunan wani, ya ce ya ga wance tsaye a kansa da wuƙa. A ƙauye wannan magana in ta fita ɗaki ta zama zargin maita ko sammu, kuma gidaje sun watse a kan abin da bai kai haka ba. Mai kira ya riƙe ta a cikinsa, ya kuma ja kunnen mutanen gida cewa fuskar da mai ruɗewa ya gani ba shaida ba ce.

Numfashi, barci da motsi

Atisayen numfashi a waya ake koyar da shi, mai kira na yi majinyaci na bi. Ya zauna ko ya kishingiɗa, ya saki kafaɗu, ya ɗora tafin hannu a ciki. Ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga uku, har ya ji cikin ya ɗaga hannun, sannan ya sake ta a hankali yana ƙirga uku. Minti biyu da farko, a ƙara har zuwa biyar ko goma. Carbi yana taimakawa, ƙwaya ɗaya numfashi ɗaya, mai so ya haɗa da zikirin da ya saba. Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan isha'i, tun lokacin da hankali ke kwance, domin jiki ya saba kafin ranar da fargaba za ta taso. In jiri ya ɗebe shi, yana sauri ne ko yana cika ja, sai ya sassauta. Mai kira zai iya ɗaukar muryarsa yana ƙirgawa, a kai wa masu tura waƙoƙi a kasuwa su zuba a memori, majinyaci ya riƙa kunnawa ba da kati ba ba da data ba.

In mafarki ya tashe shi, ya kunna fitilar waya, ya taɓa bango, ya faɗa a fili: ga ni a ɗakina, a garinmu, yau dare kaza. Ya sha ruwa, ya yi numfashinsa. Da rana a rage masa dogon barci, a fito da shi hantsi, a daina ba shi goro da shayi bayan la'asar. Bidiyon haɗari da gawarwaki da ake turawa a WhatsApp a nisanta shi da su.

Raunin jiki na gaske ne, ba ragwanci ba. Wani bincike da aka yi a Landan a 2013 ya auna naman cinyar majinyata ya tarar ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal. Mutumin da ke noma kadada ya dawo ba ya iya ɗaga buta, kuma wannan kaɗai ya isa karya masa zuciya. Sabon sa ba ranar da aka ɗaura masa garma ake sa shi ya huɗe gona duka ba. Kowane mako a tsayar da abu guda, kuma shi zai zaɓa: wannan makon zaure, na gaba sallar magariba a masallaci ko da a zaune, na gaba kuma a kai shi gona ya duba yabanya ba tare da ya taɓa fartanya ba. A ba hannunsa aiki: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, zuba wa awaki harawa, saƙar faifai. Mai damuwa yakan ce sai ya ji daɗi zai fita. Akasin haka ne, fitar ce ke jawo jin daɗin. A kira na gaba a tambaya ko an yi. In ba a yi ba, ba faɗa, sai a rage girman aikin.

Bashi

Sau da yawa abin da ke hana maigida barci ba mafarki ba ne, lissafi ne. An jinginar da gona, an sayar da tumaki da hatsin shekara, ga bashin ɗan'uwa, ga magani kowane wata, kuma yana ganin shi ya jawo wa gidan. Numfashi ba ya biyan bashi, kuma mai kira kada ya yi alkawarin kuɗin da ba shi da su. Abin da zai iya shi ne taya shi warware tunanin. A lissafo matsalolin, a ware wadda ake iya taɓawa a makon nan, a ɗauki guda. A ce gona ce ba a nome ba, ciyawa na neman cinye gero. Hanyoyi nawa ne? A kira gayya, ko a ba ƙane ya noma a raba amfani, ko a sayar da akuya ɗaya a biya 'yan ƙodago, ko liman ya yi wa matasan unguwa magana bayan sallar Juma'a. Majinyaci ya zaɓa da kansa, a sa ranar da wanda zai je, a duba a kira na gaba. Wanda ya yi makonni ana juya shi a gado ba a shawara da shi, dawo masa da ikon yanke hukunci a gidansa magani ne babba. Mai kira da ke birni kuma zai iya bin sawun tallafi a Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, ko ya tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha.

Ranar da waya ba ta isa ba

Ba kowace faɗuwar gaba ce fargaba ba. Haki a zaune, ciwon ƙirji, kumburin ƙafafu, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga wurin tiyata, jijjiga, sabuwar ruɗewa, duk na asibiti ne a ranar. Mai jego a ƙara sa mata ido. Ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani na iya zama hawan jini ne ya dawo. Raunin zuciya bayan haihuwa kuma ya yi yawa a Arewa maso Yamma, kamar yadda binciken Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya nuna. Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda haki, kada a ce mata damuwa ce.

In majinyaci ya fara cewa gara ma da bai tashi ba, ko ya zame wa iyali kaya, a tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Baba, tunanin ka kashe kanka yana zo maka?" Tambayar tana da nauyi a bakinmu, amma bincike ya nuna yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, musamman in ya riga ya tsara yadda zai yi, kada a kashe waya sai an haɗa da wani babba a gidan. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi da shinkafar ɓera da ragowar ƙwayoyi a kai gidan maƙwabci, domin a gidan manomi guba a bayan ƙofa take. A tafi asibiti a ranar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma a ƙauye lambar mai mota ko mai babur na unguwa ta fi saurin amfani, don haka ta kasance a wayar tun farko. Haka za a yi in ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi makonni bayan sallama, ko mai jego ta juya wa jaririnta baya.

Ana iya farawa da babban asibiti mafi kusa, na Ɗambatta ko Bichi ko Gezawa, su tura gaba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau a kan titin Katsina, wanda ya fi kusa da mutanen arewacin jihar. Na san sunan Dawanau kaɗai yana sa mutane ja da baya. A gaya wa majinyaci gaskiya: da yawan masu zuwa can ganin likita suke yi su karɓi magani su kwana a gidajensu. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba, kuma irin wannan ƙaranci a ƙasashe da yawa ne ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane damuwa da kula da ita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci a kula da shi da mutunci.

Kemis ba wurin neman maganin barci ba ne. Diyazefam da ake bayarwa a ƙulle a leda yana kwantar da mutum dare biyu uku, sannan ya kama shi, kuma ba ya warkar da firgici. Taramol ma haka. Maganin damuwa na gaskiya likita ke rubuta shi, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga aikinsa, ba a kuma yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Wani babba a gida ya riƙe shi yana bayarwa.

Addu'a da tofi da sauraron karatun Alƙur'ani a waya suna kwantar da hankali, kuma babu mai hankalin da zai raba majinyaci da su. Ya ma kamata a jawo liman cikin lamarin, don kalmarsa guda cewa damuwa ciwo ce ba raunin imani ba ta fi kira goma. Iyakar ita ce: ba duka, ba mari, ba turara hayaƙi ga wanda huhunsa bai gama warkewa ba, ba kuma cewa a ajiye maganin asibiti.

Kafin a kashe waya a ce a ba mai jinya. Matar da ta yi makonni tana kwana a barandar asibiti, tana zabura duk lokacin da aka buɗe ƙofa, ita ma tana iya kamuwa da irin wannan damuwa da firgici, kuma likitoci sun sa iyali cikin larurar. Ita ba mai zuwa dubiyarta. A ba ta minti biyar nata, a yi mata tambayoyin nan biyu, a nemo wadda za ta karɓe ta girki ko da kwana ɗaya a mako.

Abin da aka faɗa a waya amana ce, ba ya shiga zauren WhatsApp na dangi, sai abin da ya shafi ceton rai. Sauƙi yakan zo da tafiyar hawainiya, wata uku, wata shida, wani har shekara, kuma yakan ja baya a jajibirin komawa asibiti ko in aka yi rasuwa a unguwa, don haka a ƙara kira a irin waɗannan ranaku. In akwai wanda aka sallamo daga ɗakin kulawa ta musamman a danginku cikin shekarar nan, ku zauna a makon nan ku fitar da wanda zai riƙa kiran sa, ku tsayar da rana da lokaci.